Wa Ke Koya Wa 'Ya'yanmu Tuƙi?

A garuruwanmu na Salaga da Yendi da Bawku, yaro yakan hau babur tun bai san abin da ake kira lasin ba. Yayansa ya aike shi sayen mai, ko mahaifinsa ya ce ya kai wa gwaggo saƙo a unguwa ta gaba, ya zagaya filin ƙwallo sau biyu sau uku, ya faɗi sau ɗaya ya tashi ya kakkaɓe wando, shi ke nan sai a ce ya iya. Daga ranar nan ba wanda zai sake zaunar da shi ya ce masa ga yadda ake shiga mararraba, ga yadda ake wuce babbar mota, ga abin da farin layin nan na tsakiyar kwalta yake nufi. Sauran karatun a kan hanya zai yi shi, ita kuwa hanya kuɗin makarantarta da tsada, wani da ƙafa yake biya, wani da ransa.

Ba mu kaɗai ne abin ya dama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane wajen miliyan 1.19 ne suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma ba abin da ya fi shi kashe masu shekara 5 zuwa 29. A nan Gana, alƙaluman hukuma sun nuna an rasa rayuka fiye da 2,900 a shekarar 2021, a 2024 kuma kusan 2,500. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga 'yan sanda. Mu da muke arewa mun san akwai yaron da babur ya kayar a hanyar gona aka wuce da shi gidan maɗori, akwai wanda aka binne kafin la'asar ba tare da an rubuta komai ba.

Abin da muke so masu karatu su duba tare da mu shi ne, shin koyar da tuƙi yana tsare rayukan matasa kuwa? In yana yi, wane iri ne? Domin kamar yadda za mu gani, ba kowace koyarwa ce take amfani ba, akwai ma wadda take ƙara ɓarna.

Yadda iyayenmu suka koya

Mutanen zango ba baƙin hanya ba ne, hanya ce ma ta kawo su. Tun zamanin da fatake suke tasowa daga Kano da Katsina su yi watanni kafin su iso kasuwar goro ta Salaga a ƙasar Gwanja, ba a taɓa damƙa ayari a hannun wanda bai san hanya ba. Kafin mutum ya zama madugu ko jagaba sai ya yi shekaru yana bin na gaba da shi, ya san mafitar kowane kogi, ya san zangon da ake kwana da wanda ake wucewa da rana tsaka. Da motoci suka zo a zamanin Turawa, babbar hanyar arewa ta bi ta Kumasi da Yeji da Salaga zuwa Tamale, sai jikokin fatake da yawa suka koma direbobi. Bayan an gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965 tafki ya cika, babbar hanya ta koma ta Kintampo da Buipe da Yapei, aka bar Salaga da jirgin fito na Makango. Amma al'adar koyon mota a hannun maigida ba ta bar garin ba.

Duk wanda ya girma kusa da tasha ya san wannan makaranta. Yaron mota yakan fara da wanki da lodi da ɗaure kaya. Shi ne mai dirowa da gudu ya sa weji a ƙarƙashin taya idan mota ta tsaya a hawa. Sai ya koyi canza taya, ya koyi duba ruwa da baƙin mai, ya koyi jin kukan inji har ya gane lafiyarsa da kunne. Bayan shekara ɗaya ko biyu a ce ya gyara wa mota tsayuwa a cikin tasha. Can gaba, ran da aka sauke kaya ana komowa ba fasinja, sai maigida ya matsa gefe ya ce, “Zo ka karɓa, amma in ka wuce giya uku zan sauke ka.” A haka yaro zai yi shekaru yana kallon hanya daga kujerar gefe, ya ga damina ya ga rani, ya ga yadda shanu suke faɗowa titi ba sallama, kafin a ce ya isa ya ɗauki rayukan mutane.

Ba mu ce wannan makaranta ba ta da aibi ba. Yaro yakan gaji maigidansa da kyakkyawa da mummuna. In maigida mai sakin mota a firi ne a gangare don ya rage shan mai, haka yaron zai tashi. In mai lodi ne har mota ta karkace, in mai zuba ganye ne a kan titi idan ya lalace maimakon ya kafa alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli, duk yaron zai ɗauka haka tuƙi yake. Alamomin hanya kuwa da yawa ba a san su da suna ba, sai dai da kintace. Ga kuma iyayen gidan da suke riƙe yaro shekara da shekaru yana musu bauta ba su taɓa ba shi sitiyari ba. Duk da haka akwai abu ɗaya da wannan tsari ya ba yaro wanda kuɗi ba ya saye, watau dogon lokaci a kan hanya da babba a gefensa.

Abin da doka ta shimfiɗa

A shekarar 1999 gwamnati ta kafa hukumar ba da lasin direbobi da rajistar motoci, wadda kowa ya sani da DVLA, ta kuma kafa hukumar kiyaye haɗurra a shekarar, wadda aka ƙara wa iko a 2019. Dokar hanya ta 2004 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta a 2012, masu lamba L.I. 2180, su suka tsara yadda ake zama direba. Sai mutum ya kai shekara 18, a gwada idonsa, ya yi horon awa 48 a makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, ya riƙe takardar ɗan koyo, ya ci jarrabawa a kwamfuta, sa'an nan a gwada shi a kan hanya. Lasin kuma aji-aji ne: A na babur, B na ƙananan motoci, har zuwa F na tirela. Ƙa'idojin sun sa gudu kada ya wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, 30 a kusa da makaranta ko asibiti ko kasuwa, 90 a kan babbar hanya.

A takarda tsarin ba laifi. Matsalar ita ce makarantun tuƙi sun taru ne a manyan birane, Ankara da Kumasi da Tamale, kuma kusan dukkansu ƙaramar mota suke koyarwa. Yaron da yake Kpembe ko Kafaba, ko wani ƙauye a bayan Yendi, sai ya haɗa kuɗin makaranta da na mota da na masauki kafin ya fara. Jarrabawar Turanci ma ta daɗe tana korar waɗanda suka fi kowa zama a kan hanya, domin da yawansu allo suka yi ba boko ba. Hukumar DVLA ta sanar da mayar da jarrabawar kwamfuta cikin harsunan gida shida, har da Hausa da Dagwambanci, kuma wannan abin a yaba ne. Amma jarrabawa daban, koyarwa daban. Wanda ba a koya wa ba, ko da harshen mahaifiyarsa aka tambaye shi, sai dai ya yi canke.

Abin da wasu ƙasashe suka gano

A nan ya kamata mu faɗi wata gaskiya da masu makarantun tuƙi ba su cika son ji ba. A ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 an yi wani babban gwaji a gundumar DeKalb ta jihar Jojiya a Amurka. Aka ɗauki ɗaliban sakandare wajen 16,000 aka kasa su uku, wasu aka ba su horo mai zurfi, wasu gajere, wasu ba a ba su komai ba a makaranta. Da aka bi sawunsu, sai aka ga ɗan bambancin da aka samu a watannin farko bai daɗe ba ya ɓace. Abin da horon ya fi yi shi ne ya sa yara suka karɓi lasin da wuri, suka hau hanya da wuri. A ƙasar Nowe kuma an taɓa tilasta wa sababbin direbobi koyon sarrafa mota a kan santsin ƙanƙara, sai bincike a shekarun 1980 ya nuna haɗarin samari maza a kan santsi ƙaruwa ya yi. Dalili kuwa, an koya musu dabara rabi da rabi, suka fito suna jin sun gagari santsi.

Kada mai karatu ya ce ashe makaranta banza ce. Wani bincike na jami'ar Nebraska da aka buga a 2015, wanda ya duba matasa fiye da 150,000, ya sami waɗanda suka yi darasin tuƙi sun fi sauran ƙarancin haɗari da karya doka. Abin da ya fito fili daga dukkan wannan shi ne, ɗan gajeren darasi shi kaɗai ba ya isa, kuma koyar da gwaninta ba tare da koyar da tsoron hanya ba ganganci ne.

Abin da ya yi aiki sosai wani abu ne daban. A 1987 ƙasar Niyu Zilan ta fara ba da lasin mataki-mataki: da farko ba ka tuƙi sai da babba a gefe, sa'an nan a sake ka amma ban da tsakar dare ban da ɗaukar abokai, sai daga baya a ba ka cikakke. Lardin Ontariyo na Kanada ya bi a 1994, jihohin Amurka suka bi daga 1996, kuma a wurare da yawa haɗarin sababbin direbobi ya ragu. Suwidin a 1993 ta ba yara izinin fara koyo tun suna shekara 16 tare da babba, amma lasin sai 18, waɗanda suka yi amfani da wannan dama kuwa sun fi takwarorinsu tsira. A jihar Biktoriya ta Ostireliya sai matashi ya cika awa 120 yana tuƙi da mai kula da shi, wani ɓangare da dare. Ingila kuma tun 2002 take gwada ɗan koyo da hotuna masu motsi, a ga ko yana hango haɗari tun bai iso ba.

To, jama'a, mene ne wannan in ba tsarin yaron mota ba, an wanke shi an sa masa doka? Turawa sun kashe kuɗi da shekaru kafin su gano cewa hannu yakan iya cikin mako biyu, ido kuwa sai ya daɗe. Iyayenmu sun riƙe rabin maganin, makarantar gwamnati ta riƙe ɗaya rabin. Abin takaicin shi ne yawancin 'ya'yanmu na yau ba su sami ko ɗaya daga ciki ba, saboda abin da suke hawa ba shi da maigida ba shi da makaranta.

Babur da mai ƙafa uku

Babura masu araha daga Sin da Indiya sun cika arewa, da yawa ta kasuwar Sankasi da ke bakin iyakar Togo suke shigowa, ba nisa da Bawku. Bayansu motokin ya zo yana ɗaukar doya da gawayi da ruwa da mutane, sai kuma yalo-yalo, wanda wasu suke kira kandu. Ba wanda zai musa amfaninsu. Su suke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga, su suke fito da albasa daga lambunan bakin kogi, su suka ba dubban samari abin yi. Ko a Bawku, inda a lokutan rikici hukumomin tsaro suka sha hana maza hawan babur, kowa ya ga yadda harkokin gari suke tsayawa idan babu shi.

Amma babur mutum ɗaya yake tuƙa shi, ba kujerar gefe da yaro zai zauna ya yi shekaru yana kallo. Kuma ƙa'idojin 2012 sun haramta ɗaukar fasinja don kuɗi a babur da mai ƙafa uku. Haramcin bai hana sana'ar ba, kowa shaida ne, abin da ya hana kawai shi ne a tsara mata horo, domin hukuma ba ta buɗe makarantar abin da ta ce laifi ne. John Dramani Mahama ya yi alkawarin halatta ta a yaƙin zaɓen 2020 da na 2024, kuma a 2025 gwamnatinsa ta kai gyaran dokar gaban majalisa. Ministan sufurin da aka naɗa a shekarar, Joseph Bukari Nikpe, ɗan majalisar Saboba ne, maƙwabciyar Yendi, saboda haka ba sai an ba shi labarin hanyoyinmu ba. An yi ta muhawara a kan ko shekara 25 ko 21 ya kamata mai sana'ar ya kai. A ganinmu wannan muhawara ta bar jaki tana dukan taiki. Ɗan shekara 25 da ba a koya wa komai ba, ɗan shekara 15 ne da ya ƙara gemu.

Bari mu faɗi kaɗan daga abubuwan da ake iya koya wa yaro cikin yini ɗaya, waɗanda rashin saninsu yake kashewa.

Da yawa daga samarinmu suna tsoron birkin gaba, sun ji an ce yana wuntsila mutum, har wasu sukan bar shi a lalace. Alhali kuwa a busasshiyar kwalta mafi yawan ƙarfin tsayawar babur a birkin gaba yake. Mai taka na baya kaɗai tayarsa za ta ja ƙasa ta goce, ya yi ta tafiya har ya isa abin da yake gudu. Ana matsa su biyun tare ne, a hankali sa'an nan da ƙarfi. A kan burji da yashi kuwa, irin na hanyoyin ƙauye tsakanin Salaga da Kpandai, hannu yana bukatar sauƙi a na gaba. Wannan ba a gane shi da baki, sai an gwada a fili sau da yawa har jiki ya saba.

Madubi kuma, sabon babur yana isowa gida ake kwance shi, wai na tsofaffi ne. Sai ka ga yaro zai juya hagu ya ratsa titi bai san tirela tana bayansa ba. Ita tirelar ma akwai abin da ya kamata kowane yaro ya sani game da ita: direbanta ba ya ganin abin da yake dab da gefensa na dama, ko dab da hancinsa, ko bayansa. In ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Kuma idan za ta sha kwana, sai ta buɗe ta bar fili a ciki kamar tana gayyatarka ka shige, daga nan tayoyin baya su rufe filin. Motocin da suke tasowa daga Tema zuwa Burkina Faso da Nijar, da masu saukowa da albasa ta Kulungugu, kullum suna ratsa ƙasar Bawku. In aka hau da yaro kujerar direban tirela sau ɗaya, aka jera babura a gefenta ya duba madubi ya ga ba ya ganinsu, ba zai manta ba har ya tsufa.

Sai hular kwano. Mun san zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana takan kai awo 40, kuma mun san hular takan rataye a kan babur har sai an hango 'yan sanda. Amma binciken likitoci ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 69. Sai dai fa a ɗaure igiyarta, in ba haka ba ita za ta riga kai isa ƙasa. Maɗori yana gyara ƙafa, asibitin Salaga da na Yendi da na Presbyterian a Bawku suna ɗinki suna ƙarin jini, amma wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu galibi sai an garzaya da shi asibitin koyarwa na Tamale, tafiyar kilomita wajen 100 daga Yendi, fiye da haka daga Salaga, daga Bawku kuwa ba a magana. Ba kowa ne yake isa da rai ba.

Mai ƙafa uku shi ma da halinsa. Babur yana kwantawa ya bi kwana, shi ba ya kwantawa, in aka shiga kwana da gudu sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya kife. In an tula kaya sama, ko mata goma sun zauna a kan gefen bodi ranar kasuwa, kifewar ta fi sauƙi. Yaron da ya saba da babur aka ba shi motokin yau, yakan ɗauka abu ɗaya ne, sai kwanar farko ta nuna masa ba haka ba ne.

Lissafin gudu da na barci

Akwai lissafin da muke ganin ya kamata a koyar tun a firamare. Abin hawa mai gudun kilomita 50 a awa yana cin mita 14 a kowace daƙiƙa, mai gudun 90 yana cin mita 25. Wanda ya sunkuya ya duba waya na daƙiƙa uku a gudun 90, ya yi tafiyar mita 75 ido rufe. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. A lokacin hunturu, da ƙura ta rufe hanya ba ka ganin gabanka sosai, ƙa'idar ita ce kada gudunka ya wuce abin da za ka iya tsayawa a cikin nisan da idonka yake gani. Haka ma da dare. Mutane nawa suka afka wa motar da ta lalace ba fitila, ko amalanken jaki a hanyar Zebilla, saboda gudunsu ya fi haskensu?

Babbar hanyar gabas, wadda ta taso daga Tema ta bi ta Bimbilla da Yendi da Gushegu zuwa Bawku, tana da wurin da ya isa aji guda shi kaɗai, watau gangaren dutsen Nakpanduri. Tsofaffin direbobi sun san da giyar da ka hau da ita kake sauka, ka bar inji ya riƙe mota. Wanda ya sake ta a firi ya dogara da birki, birkin zai yi zafi ya daina kamawa tun bai kai rabin gangare ba. Wani abin lura kuma, duk inda aka gyara hanya ta yi sumul gudu yakan ƙaru, ramukan da muke zagi su ne suke riƙe da ƙafar wasu.

Sai barci, wanda ba ya jin magiya. Ranar 22 ga Maris 2019, da tsakar dare, manyan motocin safa biyu suka yi karo a Amoma Nkwanta kusa da Kintampo, ɗaya ta kama wuta, mutane fiye da 50 suka rasu. Ɗaya daga cikin motocin daga Garu ta taso, nan kusa da Bawku, gidaje da yawa a yankin sun yi zaman makoki. Rahotannin lokacin sun danganta abin da gyangyaɗin direba. Shekara uku kafin nan, a Fabrairun 2016, wata safa da ta nufo arewa ta yi karo da motar tumatir a wannan yanki, nan ma aka rasa fiye da mutum 50. Ƙa'idojin 2012 sun ce kada direban haya ya wuce awa huɗu a jere bai huta ba, kada kuma ya wuce awa takwas a yini. Yara nawa ne a tashoshinmu suka taɓa jin wannan? Abin da suka ji shi ne goro da shayi mai kauri suna korar barci, na yanzu kuma sun ƙara da tiramol da danginta. Ƙwayar ba ta korar gajiya, ɓoye ta take yi, ta kuma cire wa yaro tsoro, alhali tsoron nan shi ne birkinsa na farko.

Mun san za a ce komai ƙaddara ce. Haka ne. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar ƙofar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya kwanta ya ce ƙaddara za ta yi gadi ba.

Wa zai ɗauki nauyin?

Ƙasar nan ta taɓa koya wa jama'arta gaba ɗaya sabon tuƙi. Ranar 4 ga Agusta 1974, zamanin mulkin Acheampong, Gana ta bar hannun hagu ta koma dama, shekara biyu bayan Nijeriya. Kafin ranar an yi watanni ana shela a rediyo da tashoshi da makarantu, da harsunan da mutane suke ji, har wanda bai taɓa shiga aji ba ya san abin da zai yi. In an iya wannan a lokacin da rediyo ɗaya ce a unguwa, yau da kowane yanki yake da tasharsa ta FM ba mu da hanzari. Shirin rabin awa a mako, da Hausa da Dagwambanci da Gwanjanci, da harsunan Kusasi da Mamprusi da Bisa da Moshi, wanda tsohon direba da ma'aikacin jinya za su zauna su amsa tambayoyi, ba zai gagari kowace majalisar gunduma ba.

Amma rediyo ba ta riƙe hannun yaro. Wannan aikin na ƙungiyar direbobi ta GPRTU ne da ƙungiyoyin masu babur da masu yalo-yalo, domin su ne suke da ikon cewa wane zai yi lodi a tasha wane ba zai yi ba. Suna iya sa sharaɗi: sabon yaro ba zai ɗauki fasinja ba sai ya yi watanni a ƙarƙashin wani babba da aka sani, ba zai yi aikin dare ba a shekararsa ta farko, ba zai fita ba hula ba madubi. Sarakunan zango da limamai, waɗanda suke sasanta rigimar diyya bayan an yi haɗari, sun fi kowa cancantar su kira wannan taro tun ba a yi ba. Makarantu irin su sakandaren Salaga da ta Yendi da makarantar koyon sana'a ta Bawku suna da ɗalibai masu zuwa a kan babur kowace safiya. Hukumar DVLA kuwa abin da muke roƙo gare ta shi ne ta riƙa kawo masu gwaji da masu koyarwa garuruwan nan a kan lokaci sananne, ta kuma amince da horon babur da ake yi a gida in ya cika sharaɗi.

Iyaye kuma, mu ne muke miƙa makulli. Uban da ba zai ba ɗan shekara 13 bindigar farauta ba, shi ne yake aikensa kasuwa da babur ya goyo ƙannensa biyu. Ranar Salla da ranar ɗaurin aure muna tsaye muna kallo yara suna ɗaga tayar gaba, wasunmu har da tafi.

Kayan aikin farawa ba su da yawa. Kowane ɗaya daga garuruwan nan uku yana da filin makaranta da yake zama ba kowa ranar Asabar, yana kuma da tsofaffin direbobi da suka ajiye sitiyari suna zaune a benci a bakin tasha, da shekara talatin ko arba'in na hanya a kansu ba mai tambayarsu. Darasin farko toka kawai yake bukata. A ja layi a ƙasa, yaro ya sa hularsa ya ɗaure, ya taho da gudun 20 ya kama birki a kan layin, a sa dutse inda ya tsaya. Ya koma ya taho da gudun 40, a sa wani dutsen. Sa'an nan a ce ya sauka, ya auna tsakanin layin da kowane dutse da tafin ƙafarsa, yana ƙirgawa da ƙarfi sauran yara suna ji.